Maiki, Balan-balan Da Jirgin Alhazai: Yadda Yanayi Ke Hana Tashi Sama

Duk shekara idan lokacin aikin Hajji ya gabato, maniyyata daga Magami da Tsafe da Bunguɗu sukan haɗa kayansu su nufi Gusau. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Bayan haka an yi shekaru da yawa ana kwasar maniyyatan jihar a mota zuwa filin jirgin sama na Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200. A 2024 aka fara aikin gina babban filin jirgi a Gusau. Amma ko daga ina mutum zai tashi, yana iya jin an ce an ɗaga tafiya saboda yanayi.

Wannan magana takan ɓata wa mutane rai. An biya kuɗi. An yi sallama da iyali. Guzuri yana ƙarewa. Mutum ya ɗaga kai ya ga babu ko ɗigon ruwa. Sai ya ce ai wayo ake yi masa. Wani lokaci yana da gaskiya, domin ba kowane jinkiri ne na yanayi ba. Akwai na biza, akwai na ƙarancin jirage, kuma maniyyaci yana da ikon tambayar jami'ai dalili. Amma jinkirin yanayi ba ƙarya ba ne. Duk abin da ke tashi sama, a kan iska yake tafiya. Wanda ya gane halin iska, zai gane abin da matuƙin jirgi yake tsoro.

Maiki ba ya sammako

Wanda ya taɓa ƙona kara a gona ya ga toka da busassun ganye suna yin sama. Ba hayaƙi ne ke ɗaga su ba. Iskar da wuta ta zafafa ce. Iska tana da nauyi, ko da yake ba a ganinta. Idan ta yi zafi sai ta buɗe, nauyinta ya ragu, ta hau sama. Mai sanyi kuma ta zo ta maye gurbinta.

Rana ma haka take yi wa ƙasa. Da hantsi takan gasa fili da dutse. Iskar da ke kansu ta yi zafi ta riƙa hawa. Guguwar da ake gani a fako lokacin bazara, tana juyawa da ƙura da leda, daga nan take samuwa.

Dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu, ya yi suna da maiki tun zamanin da, har da tsohon bikin kamun maiki. Maiki tsuntsu ne mai nauyi. Faɗin fikafikansa ya wuce mita 2. Da zai riƙa kaɗa su duk yini, da gajiya ta kayar da shi. Saboda haka ba ya sammako. Yakan zauna a kan dutse sai rana ta ɗaga. Da iska mai zafi ta fara hawa, sai ya buɗe fikafikai ya hau kanta. Ya riƙa kewayawa yana yin sama ba tare da wahala ba. Ungulu da shirwa ma haka suke shawagi.

Tsayin da yake kaiwa abin mamaki ne. Ranar 29 ga Nuwamba, 1973, wani jirgi ya yi karo da irin wannan tsuntsu a saman birnin Abidjan na ƙasar Kodebuwa, a tsayin mita 11,300. Jirgin ya sauka lafiya. Daga gashin da aka samu a injinsa aka gane ko wane tsuntsu ne.

Balan-balan mai ɗaukar mutane

Mutane ma sun koyi hawa iska mai zafi. Abin hawan shi ake kira balan-balan mai wuta. Ba irin na yara da ake hurawa da baki ranar Salla ba ne. Wata ƙatuwar jaka ce ta yadi marar nauyi, bakinta yana kallon ƙasa. Idan ta cika takan kai tsayin babban rimi. A ƙarƙashinta ana rataya kwando mai ƙarfi, wanda mutane ke tsayawa a ciki. Tsakanin kwandon da bakin jakar akwai murhun gas. Matuƙi ya murɗa, wuta ta tashi, iskar cikin jaka ta yi zafi, abin ya ɗaga. Idan yana son sauka sai ya bar iskar ta huce, ko ya ja igiya ya buɗe wata kafa da ke can sama.

A ƙasar Faransa aka fara wannan, a 1783. Wasu 'yan'uwa biyu ne masu sana'ar yin takarda, sunan gidansu Montgolfier. Ciyawa da gashin tumaki suke ƙonawa, domin su kansu sun zaci hayaƙi ne ke yin aikin. Ranar 19 ga Satumba suka yi gwaji a gaban sarkin ƙasar. Ba mutum suka saka a kwandon ba. Tunkiya ce da agwagwa da zakara, kuma duk sun sauko da ransu. Sai ranar 21 ga Nuwamba mutum biyu suka hau a birnin Paris. Sun yi kimanin minti 25 a sama.

Ga lissafin yadda abin yake. A ɗauki akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Iskar da ta cika shi da sanyin safiya tana da nauyin kilo 1 da ɗan ɗori. Idan aka zafafa ta har ta kai zafin tafasasshen ruwa, wato digiri 100, nauyinta ba zai cika kilo 1 ba. Bambancin ya ɗan wuce kwatan kilo. Kamar ba komai ba ne. Amma matsakaicin balan-balan yana cin irin wannan akwati wajen 2,200. Idan aka tara, zai iya ɗaga kimanin kilo 600. Wato nauyin buhu 6 na masara. A cikin wannan nauyi ake lissafa jakar kanta, da kwando, da tukwanen gas, da mutane.

Sai dai abin ba shi da sitiyari. Ba shi da birki. Inda iska ta nufa, nan ya nufa. Dabara ɗaya ce a hannun matuƙi. Iskar da ke kusa da ƙasa da wadda ke can sama sau da yawa ba gefe ɗaya suke fuskanta ba. Don haka yakan hau ko ya sauko, yana neman wadda za ta kai shi inda yake so. Abokan aikinsa suna bin sa a mota. Sau da yawa a gonar wani yake sauka, shi ya sa masu wannan wasa suke lallaɓar manoma. Dole su kiyaye amfanin gona, su kuma kauce wa garke, domin ƙarar murhun tana firgita shanu.

Bikin da iska ke mulki

A birnin Bristol na ƙasar Ingila ana yin bikin balan-balan a watan Agusta, lokacin zafinsu. An fara shi a 1979. Ana kwana uku ko huɗu ana yi, kuma balan-balan kan kai 100 ko fiye, masu launi iri-iri. Jama'a sukan cika fili maƙil, kamar ranar hawan Salla. A birnin Albuquerque na Amurka akwai wanda ya fi shi girma, a watan Oktoba. Da guda 13 aka fara shi a 1972, daga baya ya wuce 500.

A Bristol sau biyu ake shirin tashi a yini: wajen ƙarfe 6 na safe da wajen ƙarfe 6 na yamma. Ba a tashi da tsakar rana. Dalili kuwa, iskar nan mai hawa da maiki ke jira, ita ce abokiyar gabar balan-balan. Takan fizge shi sama ba shiri, ta sake shi ba shiri. Shi ya fi son lokacin da iska ta kwanta. Lokacin da maiki ke fita kiwo, shi ya riga ya sauka.

Kafin kowane tashi, matuƙa sukan taru a karanta musu labarin yanayi. Sukan kuma saki ɗan ƙaramin balan-balan su bi shi da ido, su ga inda iska ta kai shi. Idan gudun iska a ƙasa ya wuce kamar kilomita 16 a awa, wato gudun mai keke, yawancinsu ba sa tashi. Jakar za ta riƙa bugawa tana neman taɓa wuta. Wajen sauka kuma iska za ta ja kwandon a ƙasa da mutane a ciki. Ruwan sama yana jiƙa yadin, ya ƙara masa nauyi, ya sanyaya iskar ciki. Hazo yana ɓoye wayoyin lantarki, waɗanda suna cikin manyan abubuwan da ke hallaka masu wannan wasa. Hadari kuwa, ko daga nesa aka hango shi, an fasa.

A Albuquerque tuta ake ɗagawa. Kore, a tashi. Rawaya, a dakata. Ja, an fasa. Mutane sukan yi doguwar tafiya, su fito tun asuba, su koma ba su ga an tashi ba. Ba daɗi, amma an saba.

Zafin gari ma yana da nasa. Abin da ke ɗaga balan-balan shi ne bambancin zafi tsakanin iskar ciki da ta waje. Ba a iya ƙara wuta yadda aka ga dama, domin yadin zai lalace. Kilo 600 da aka ambata, lissafin safiya ce mai digiri 15. A Gusau, zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. A irin wannan rana, balan-balan ɗin nan kilo 400 kawai zai iya ɗagawa. Buhu 2 sun tafi. Da za a kawo irin wannan biki ƙasar Zamfara, ba da bazara za a yi shi ba, ba kuma da damina ba. Sai dai da sanyin safiya bayan kaka, an kwashe amfanin gona, hazo bai riga ya yi kauri ba.

Jirgi ma a kan iska yake

Jirgin alhazai yana da injuna masu ƙarfi. Iskar da za ta hana balan-balan tashi, shi ko a jikinsa. Amma shi ma iska ce ke ɗauke da shi. Yakan yi gudu a kan titinsa, iska ta bi ta sama da ƙasan fikafikansa, ta ɗaga shi. Shi ya sa ya fi son ya fuskanci iska wajen tashi da sauka. Wadda ke bugo shi daga gefe, idan ta yi ƙarfi, tana iya ture shi daga titi.

Idan gari ya yi zafi ƙwarai, iska takan yi shara-shara. Fikafikai ba sa samun abin takawa sosai, injin ma ƙarfinsa yana raguwa. Jirgin zai buƙaci gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. Idan titin bai isa ba, sai a rage kaya, ko a jira rana ta yi sanyi. Awon jaka da ake yi wa alhazai ba neman fitina ba ne. Kafin kowane tashi sai an lissafa nauyin mutane da kaya da mai, an gwada shi da zafin ranar da tsawon titin.

Hazon hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris iska takan taso daga arewa maso gabas. Yawancin ƙurar da take kawowa daga ƙasar Chadi take fitowa, daga wani kwari da ake kira Bodele. A zamanin da can, ruwan tafkin Chadi ya kai har wurin. Da ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ta kwashe ta, cikin kwana ɗaya ko biyu ta lulluɓe Kano da Katsina da Gusau da Sakkwato.

Jirgi yana iya hawa ya wuce saman hazo. Matsalar tana wajen sauka. Babban jirgi yakan taɓa ƙasa da gudun kusan kilomita 250 a awa. Wato mita 70 a kowane sakan. Ranar da hazo ya yi kauri, ido ba ya ganin abin da ya wuce mita 400. Jirgin zai cinye wannan tazara cikin sakan 6. Mutum bai gama gaisuwa ba an iso. Akwai na'urorin da ke jagorantar jirgi zuwa titi ta hanyar rediyo, amma ba kowane fili ke da masu ƙarfi ba. Kowane fili yana da iyakarsa. Idan nisan gani bai kai iyakar ba, doka ta hana sauka.

Nan ne amsar mai cewa ai sama garau take. Ba saman garinsu kaɗai ake dubawa ba. Jirgin da zai ɗauke shi daga wani gari zai taso. Ana duba can. Ana duba hanya. Ana duba inda za a sauka, da wani fili na biyu da za a juya idan na farko ya rufe.

Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda da alhazai zai je Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas, sai aka juya Kano. A Kano kuma ana iska mai ƙarfi. Wajen sauka ƙafafun jirgin suka karye, ya bar titi, wuta ta kama. Mutum 202 ne a ciki, 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Hadarin damina

Manomi ya san yadda hadari ke tasowa daga gabas. Gari ya yi tsit, zafi ya dame kowa. Can sai iska mai sanyi ta bugo da ƙarfi, ta yaye jinka, ta karya reshe, sa'an nan ruwa ya biyo. An fi ganin haka a farkon damina da ƙarshenta.

Wannan baƙin girgije yakan kai tsayin kilomita 12 ko fiye. A cikinsa wata iska tana hawa da gudu, wata tana faɗowa da gudu. Akwai tsawa, akwai ƙanƙara. Manyan jirage suna da na'ura a hancinsu mai hango hadari, kuma sukan kewaye shi. Lokacin da aka fi tsoro shi ne na tashi da sauka, sa'ad da jirgi yake kusa da ƙasa. Iskar da ta faɗo daga girgije takan bugi ƙasa ta watsu ko'ina, kamar ruwan da aka sheƙa daga bokiti. Jirgin da ya shiga ciki zai fara jin ta daga gaba. Nan take ta danno shi daga sama, sa'an nan ta koma bayansa. Sai fikafikai su rasa abin takawa, ga ƙasa kusa.

Irin wannan ce ta faru ranar Lahadi, 29 ga Oktoba, 2006. Wani jirgi ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zai je Sakkwato, ana cikin iska da hadari. Jim kaɗan da ɗagawa ya faɗi a gona kusa da filin. Mutum 105 ne a ciki, 96 suka rasu. Cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Masu bincike sun gano cewa an tashi alhali an san yanayi ba shi da kyau, kuma ba a bi ƙa'idar fita daga irin wannan iska yadda ya kamata ba. Hadari irin wannan ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Sau da yawa jiran awa ɗaya ya isa ya wuce.

Masu auna sama

Labarin da matuƙa ke dogara da shi daga Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa yake fitowa, wadda ake kira NiMet. An kafa ta a 2003. Ma'aikatanta suna manyan filayen jirgi dare da rana. Suna auna zafi da gudun iska da nisan gani, suna miƙa wa matuƙa. Ita ce kuma ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda manoma ke ji a rediyo.

Su ma masu auna yanayi suna aiki da balan-balan, amma na roba ne, babu wuta. Ana cika shi da wata iskar gas marar nauyi, a ɗaura masa 'yar ƙaramar na'ura, a sake shi. Yana hawa tana aiko da labari ƙasa. Yakan kai kilomita 30 kafin ya fashe, na'urar ta faɗo. Tashoshi ɗaruruwa a duniya suna yin haka kullum. Wanda ya tsinci wani abu irin wannan a gona, mai igiya da yagaggiyar roba, kada ya taɓa, kada yara su ɗauka. A sanar da mai gari, domin ba kowane abin da aka tsinta a daji ne na masu yanayi ba.

Lokacin Hajji yana zagayawa

Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11. Saboda haka aikin Hajji yana zagaya lokutan shekara, yana komawa inda ya fara bayan shekara 33 ko kusa da haka. A 1973 cikin hunturu aka yi shi. A 2006 an yi hawan Arfa sau biyu, a Janairu da Disamba. A 2025 kuwa ranar 5 ga Yuni aka yi. Masu tafiya sun tashi a Mayu da zafi da hadarin farkon damina, suka dawo ruwa ya zauna.

Mai shirin tafiya ya sa wannan a lissafinsa. Maganin da yake sha kullum ya kasance a 'yar jakar hannu, ba a babbar jaka da aka riga aka karɓa ba. Ya bar ɗan kuɗin abinci na kwana biyu ko uku a gefe. 'Yan rakiya kuma kada su tayar da hankalin mutanen gida don an kwana ba a tashi ba.

Daga 2026 zuwa 2031 ranar Arfa za ta riƙa faɗowa a Mayu da Afrilu, tsakiyar zafi. Jigilar maniyyata kuwa takan fara kusan wata ɗaya kafin Arfa. Wajen 2033 tashin zai faɗo a Fabrairu. Yaran da ke kiwon awaki yau a Magami, idan Allah Ya kira su a waɗannan shekaru, da hazon Bodele za su yi jira.